Yadda Za Ka Gyara Kulocin Gwaggonka Kafin Kogi Ya Kawo

Ranar Talata ce a farkon daminar 1953. Gari ya waye da zufa, hadari ya tsaya a gabas tun hantsi, bai zubo ba, bai kuma tafi ba. A ranar aka soma aikin da za a koya maka a nan, a gindin bishiyar maina da ke ƙofar gidan Hajja Gumsu mai fataucin bandar kifi a Haɗejiya.

Kai mai karatu, in ka bi matakan nan bi da bi, ba tsallake, an ɗaukar maka alkawari uku. Kuloci zai fito. Kuloci zai koma. Garinku kuma ba zai ƙara manta sunanka ba. An gwada hanyar a kan wani saurayi mai suna Zarami, ɗan ƙanen Hajja Gumsu, ukun nan duk sun cika.

Ga wanda bai sani ba, kuloci wani faifan ƙarfe ne da ke zaune tsakanin inji da giya. In ya kama, mota ta tafi. In bai kama ba, inji ya yi ta kururuwa, mota na tsaye tana sauraronsa. Iyakar ilmin ke nan. Sauran duk riƙe ƙugu ne da girgiza kai.

Mataki na ɗaya: Samo wa kanka tarihi

Ba a ba mutum mota don ya iya. Ana ba shi ne don an ji ya taɓa zama kusa da inda ake iyawa.

Zarami ya bar elementare a aji uku, ya ce benci na cizonsa. Ya yi ɗinki wata biyu. Ya yi awon gyaɗa kaka ɗaya. Ya yi facin keke har ranar da aka kawo masa keken da ba taya ce ta lalace ba. Daga nan ya hau jirgi zuwa Kano, ya kwana goma sha ɗaya a bakin wani gareji, ya dawo da sifana ɗaya da baƙar riga mai aljihu shida.

A garejin nan an taɓa cire kuloci a gabansa. Gaskiya ne bakaniken na ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai Zarami ya gani. Amma ya kalle su da kyau. Ya kuma ji abu ɗaya da kunnensa: da aka fito da faifan, wani ya kai hannu zai ɗauka, bakaniken ya daka masa tsawa, ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa faifan kuloci sai ya wanke hannu. Zarami ya riƙe wannan magana. Kai ma ka riƙe ta, za a neme ta a gaba.

In an tambaye ka daɗewarka a Kano, ka dubi sama ka ce, "An sha wuya." Ba ƙarya ka yi ba.

Mataki na biyu: Jira ranar da babu kowa sai kai

Ranar da akwai bakanike a gari, ka yi shiru ka ci tuwonka. Gwanintarka ta ranar babu ce.

Motar Hajja Gumsu kitika ce, irin mai gidan direba a gaba da akwatin katako a baya. Mai tuƙa ta Buba ne, wani dogon Bafulatani da ya bar sanda ya kama sitiyari. Wannan Talatar ya ta da ita, ya sa giya, ya ɗaga ƙafa, kitika ta ƙi hawa ko ɗan tudun da ke bakin gida. Inji kuwa har kasuwa ana jin kukansa.

Ga abin da ya sa ran Hajja ya ɓaci. Tana da kwando ashirin da biyu na banda a hayin kogi, a zangon masunta, kuma ita ce ta ƙarshe a bana. Dole ta hau jirgin ƙasa na Alhamis da yamma a tashar Malam Madori. Jakunan gari da masu su duk suna gona, ana shuka. Bakaniken Kano sai ya yi mako kafin ya iso. Labari kuma ya zo cewa sabon ruwa ya taso daga yamma, masunta sun ba shi kwana biyu. In kogi ya kawo, mashigin mota ya rufe ke nan sai kaka, bandar da ta kwana a danshi kuwa tsutsa ce ke cinikinta.

Buba ya sauko ya tofar da tukar goro. "Hajja, ni a sama aka ɗauke ni aiki. Abin da ke ƙarƙashi, tsakaninta ne da wanda ya ƙera ta."

A nan za ka fito. Kada ka yi sauri. Zarami ya fito daga zaure cikin baƙar rigarsa, ya zaga motar sau ɗaya, ya ce, "Kuloci ne."

"Wa ya tambaye ka, bawana?" in ji Buba, don Bafulatani ba ya ganin Babarbare irin Zarami ya bar shi ya wuce lafiya.

"Sannu, ɗan bawan gidanmu. Ka taɓa ganin kuloci, ko ka ɗauka tatsarsa ake yi?"

Hajja Gumsu ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon Zarami, sannan ta ce, "Ɗan ƙanena, shekara uku kana cin tuwona, kowane wata da sabuwar sana'a. Ga magana ɗaya. In bandata ta hau jirgin Alhamis, kujerar gaba taka ce. Kai ne bakaniken motar nan, duk inda ta sa kai da kai za ta je, har Nguru, har Kano. In ba ta hau ba, ina da murhun banda a Kirikasamma da ba mai hura shi. Can za ka yi damina, can za ka yi kaka."

Zarami ya san murhun nan. Mutum ya wuni a tsugune a wuri ɗaya yana juya tarwaɗa, idonsa ja, warin kuma ba ya barin jiki ko da wankan Salla. Shi da benci ma ya kora.

Ya ce, "Gwaggo, ki ɗauka ta hau."

Mataki na uku: Shiga ƙasa, ka daɗe

Ɗaga motar da jak. Nemi turmi biyu daga cikin gida ka tokare ta. In an ce za a yi daka, ka ce kuloci ba ya jira.

Shimfiɗa tabarma ka shige. Abin kwancewa na farko farfela ce, dogon ƙarfen da ya miƙe zuwa tayoyin baya. Bayanta sai giyabos. Notin da ka cire, miƙo shi waje a zuba a wani abu. Zarami hular Buba ya samu, Buba kuma ya tsaya kai babu hula yana cewa ko a ruga ba a taɓa yi masa haka ba.

Kafin azahar jama'a za su taru, don a Haɗejiya ba a buɗe cikin mota kullum. Ƙafafunka kaɗai suke gani, saboda haka ka sa su aiki. Ka tanƙwasa ɗaya. Ka miƙe ɗaya. Lokaci lokaci ka yi tsaki. Ka ce a miƙo maka sifana mai lamba kaza, in an ce ai ɗaya ce kuma tana hannunka, ka ce, "To, haka za a yi maneji."

Giyabos ya fi yadda yake a ido nauyi. Yakan sauko lokacin da ya ga dama, a kan abin da ya ga dama. Na Hajja ya zaɓi babban yatsan Zarami. In naka ya yi haka, kada ka yi ƙara. Ka yi salati a hankali, jama'a za su ɗauka abin da ka gani a ciki ne ya ba ka tsoro.

Yanzu ga murfin kuloci a gabanka, a ɗaure jikin babban faifan inji da ake kira filawil. Masana sun ce a yi alama kafin a raba su, don su koma yadda suka zauna. Zarami bai san wannan ba. Alli ya ciro daga aljihu na huɗu ya rubuta sunansa a kansu, rabi a murfi rabi a filawil, don duk wanda ya buɗe nan gaba ya san wa ya riga shi. Alamar ta yi ke nan. Masana kuma sun ce a sassauta notin murfi kaɗan kaɗan, wannan gefe sannan wancan. Haka ya yi, don yana tsoron kada sifirin ya yi tsalle ya same shi a ido.

Ka lura da wannan. Girman kai da tsoro, in sun haɗu a jikin mutum ɗaya, sukan yi aikin shekara bakwai ta koyo.

Mataki na huɗu: Duba, ka sami mai laifi

Fito da faifan ka ɗora a tabarma. Kafin kowa ya matso, sa a kawo buta. Zarami ya jera su: Buba, da mai shayin bakin titi, da wani liman da ya tsaya kallo, kowa sai da ya wanke hannu har gwiwa kafin a bar shi ya shafa.

"Wannan kuma alwalar mece ce?" in ji Buba.

"Ƙa'ida ce. A Kano ko Bature sai ya yi."

Sannan ka duba. Faifan kuloci yana da shafi a fuska biyu, wani abu mai kauri da aka kafe da ƙananan ƙusoshi, shi ne ke kama filawil. Na Hajja ya cinye har kan ƙusoshin sun fito suna ƙyalli, kamar dugadugan tsohon takalmi. Shafa filawil da yatsa ka ji ko ya yi zane. Danna sifirin ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki boris, ɗan zoben ƙarfen nan mai juyawa, ka juya shi a bakin kunnenka, ka lumshe ido. Ba sai ka san abin da kake saurare ba.

Abu mai muhimmanci shi ne a tashi da sunan wani. Zarami ya ɗaga faifan ya nuna wa jama'a.

"Kun ga aikin Fulani. Mutum yana tuƙi ya jingina ƙafa a kan kuloci, kamar yana tsaye a bayan shanu ya harɗe da sanda."

"Ƙafata ce, a ina kake so in ajiye ta, a aljihunka?"

"Akwai shida, zaɓi ɗaya."

Jama'a suka yi dariya, Hajja ta harari Buba. Abin mamaki, zargin gaskiya ne. Wannan ma yakan faru, kada ya ruɗe ka.

Mataki na biyar: In babu sabo, nemi wanda ya saba da mai kama da shi

Sabon faifai yana Kano. Kai kana Haɗejiya, gobe Laraba. To, yi tunani irin na manya: abin da ya cinye kamar takalmi, wa ke gyara shi?

Laraba da hantsi Zarami da Buba suka ɗauki faifan a cikin tsumma mai tsabta zuwa rumfar Baba Kolo baduku, dattijon da ya ɗinka rabin takalman garin da gugar kowace rijiya. Baba Kolo ya wanke hannu ba musu, don shi mutum ne mai girmama sana'ar wani. Ya juya faifan, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina.

"Me yake takawa?"

"Ƙarfe, Baba."

"Da nauyi?"

"Kwando ashirin da biyu, da Buba."

"To, ƙirgin bijimi za a sa. Na saniya ba zai kai Malam Madori ba."

Ya yanko zobe biyu daga wajen gadon baya, inda fata ta fi kauri. Ya fasa huji daidai da na da. Ya kafe su da ƙusoshin jan ƙarfe irin na linzami, ya nutsar da kawunansu cikin fata yadda ba za su taɓa komai ba. Aiki ne da in ka gani sai ka so ka rataye shi a ɗaki. Da ya gama ya miƙa hannu bayansa ya jawo kaskon mai, ya tarar ya ƙare.

"Sai a samo man shanu," in ji shi.

"Na me, Baba?"

Baba Kolo ya dube shi ta saman ido. "Yaro, shekara arba'in fata ba ta bar rumfar nan da ƙishirwa ba. In ta bushe ta tsage a hanya, sunan wa za a kira a kasuwa? Naka?"

Buba ya miƙe da murna, don tun jiya yake neman inda zai fanshe hularsa. Ya ce matarsa Yelwa ta dawo daga ruga da sabon mai, ko kwana uku bai yi ba. "Man gaske, ba man kifin da Barebari ke shafawa su ce turare ne ba." Kafin a ce wani abu ya tafi ya dawo da ƙwarya guda.

A nan wani abu ya motsa a ƙirjin Zarami. Ya ga ƙwaryar, ya ga faifan, ya tuna garejin Kano da tsawar bakanike. Ya ji a jikinsa akwai wata doka a wajen nan, kuma ana gab da taka ta.

"Ku tsaya," in ji shi.

Suka tsaya, hannun Baba Kolo na kan mai.

"Buba ya riƙo ƙwarya, ya yi gumi a hanya. A sake wanke hannu."

Aka sake wankewa. Sannan Baba Kolo ya ɗebo mai ya murza wa fatar, gaba da baya, ya ajiye a rana ta sha, ya ƙara mata, ya sake ajiyewa, har sai da ta yi laushi tana sheƙi ta ƙi karɓar ƙari.

In zuciyarka ta yi maka irin wannan motsi, ka saurare ta, ka ba ta abu mafi kusa da hannu, ta kwanta.

Mataki na shida: Ari muciya

Mayarwa ta fi cirewa wuya, saboda faifan dole ya zauna a tsakiya cif kafin a ɗaure murfi. In ya goce ko da faɗin ƙwayar gero, sandar giyabos ba za ta shiga ba, ko garin duka ya taru ya tura. A Kano suna da wani ƙarfe na musamman da suke zurawa. Kai ba ka da shi. Gwaggonka tana da muciya.

"Wace muciyar?" in ji Hajja Gumsu.

"Ta tuwo, Gwaggo. Kaurinta ya yi daidai. Ɗan fiƙewa kawai za a yi."

"Da ita aka kawo ni gidan nan. Ta girme ka."

"Shi ya sa ba za ta lanƙwashe ba."

Ta miƙo ta, ba ta saki da wuri ba. Zarami ya zauna da wuƙa ya fere kan, ya gwada, ya ƙara ferewa, har ta shige ramin filawil ta tsaya ƙyam. Ya zura faifan a jikinta. Ya kawo murfi ya juya shi har rabin sunansa ya haɗu da ɗaya rabin. Ya ɗaure noti kaɗan kaɗan, nan da can. Ya zare muciyar. Mutum huɗu suka ɗaga giyabos, ya shige a turawa ɗaya da wani ɗan sauti mai daɗi, kamar an rufe akwatin amarya.

Zarami ya daɗe a kwance a ƙarƙashin motar bai fito ba. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya soma abu ya ga ƙarshensa, yana so ya ɗan zauna da abin tukuna.

Muciyar kuwa ba ta ƙara tuƙa tuwo ba. Ran nan dambu aka ci.

Mataki na bakwai: Kada ka ƙirga abin da ya rage a hula

Noti biyu za su rage. Kullum suna ragewa. Aljihu na biyar.

Mataki na takwas: Gwada ta ba kaya

Wannan shi ne sirrin sana'a. Motar da ba kaya takan yafe abubuwa da yawa.

Alhamis da hantsi aka sauke kitika daga kan turame. Buba ya murɗa ƙarfen tayarwa, ya hau, ya sa giya, ya ɗaga ƙafa. Ta tafi. Ba fizga, ba kuka, sumul kamar kwalekwale. Ta haye tudun bakin gida ba ta ma san da shi ba. Mata suka yi guɗa daga cikin gida.

"Bawana," in ji Buba, "tun da nake tuƙa ta ban taɓa jin laushinta haka ba."

"Man gidanku ne. Ka gaishe da Yelwa."

Zarami ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar gaba tun ba a ba shi ba, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Hajja ta gani ta kau da kai. Ta ɗauki lemarta ta ce za ta jira su a bakin mashigi.

Za ka soma jin wani ƙamshi yana tasowa ta ƙarƙashin ƙafarka, mai kama da na gidan suna. Karnuka biyu ko uku za su biyo motar. Kada ka kula. Ka ce sabon kuloci haka yake.

Mashigin yashi ne, ruwan da ya kwanta a tsakiya bai wuce idon sawu ba. Kitika ta gangara, ta ratsa, ta haye hayi. Masunta suka fito suna kallon Zarami, shi kuma yana kallon gaba kamar wanda ya saba.

Mataki na tara: Loda, ka juyo

Ana cikin lodi wani tsohon masunci ya nuna ruwa da haɓa. Kumfa ce ke tahowa a kai, da karmami, da busasshen kashin shanu yana juyawa. Ya ce, "Kan ruwan ke nan. In za ku wuce, ku wuce."

Aka ɗaure kwando ashirin da biyu da igiya, har sun fi gidan direba tsayi. Buba ya gangara. Ruwa ya kai rabin taya. Suka ratsa tsakiya lafiya, suka iso gindin gaɓar Haɗejiya, inda hanya ke miƙewa sama. Hajja Gumsu na tsaye a can bisa da lemarta, ba ta fi taku talatin ba.

Buba ya taka mai. Inji ya amsa da dukan ƙarfinsa. Kitika ta hau taku uku, ta tsaya, ta yi tunani, ta soma komawa da baya a hankali.

"Sa ta a giya," in ji Zarami.

"Tana ciki."

"To saki kulocin."

"Ga ƙafata a sama, ko in fito da ita ta taga ka gani?"

Hayaƙi mai shuɗi ya taso ta tsakanin katakon ƙasa. Yanzu ƙamshin ya wuce gidan suna, ya kai layya. Kitika ta koma cikin ruwa ta zauna.

A wannan gaɓa abin da ake so gare ka shi ne ka ba da umarni da yawa. Zarami ya diro, ruwa ya kama shi a gwiwa. Ya ce a tura. Masunta goma suka tura, yashi na zamewa a ƙarƙashinsu. Ya ce a sa dutse, babu dutse a mashigin Haɗejiya. Ya ce a bar ta ta huce. Ta huce, Buba ya sake gwadawa, inji ya yi kuka, taya ko motsi. Ruwa ya kai cinya. Buba ya aika a kirawo 'yan'uwansa da ke kiwo a fadama su zo da shanu. Ruwa ya kai ƙugu, ya shiga inji, kukan ma ya ɗauke.

Sai aka koma ceton kaya. Nan ne wani ya yanke igiyar gaba ɗaya maimakon ya kwance ta, ba a san ko wane ne ba, amma yana da baƙar riga. Kwandunan sama suka zubo. Kwandon banda ba ya nutsewa nan take. Yakan zauna a kan ruwa ya juya sau ɗaya, sannan ya kama hanyar gabas. Zarami ya rungumi ɗaya, ya kai gaɓa, ya dawo ya rungumi wani. Masunta suka kama abin da suka iya. Sauran suka bi juna a jere, suka sha kwana a bayan wata giginya.

"Sun koma gida," in ji tsohon masuncin.

Shanu huɗu suka iso bayan azahar suka jawo kitika waje, ruwa na zuba ta ƙofofinta. Buba ya bi su a baya yana kiran kowace da sunanta, ya ce wa Zarami, "Ka ga waɗannan? Man a cikinsu yake, amma ba sa zamewa." A Malam Madori jirgi ya zo a kan lokacinsa, ya tafi a kan lokacinsa. Da la'asar hadarin nan da ya tsaya tun Talata ya sauko a kan kwandunan da aka ceto.

Mataki na goma: Tsaya a gaban mai mota

Kada ka gudu, kogi ya rufe hanya ɗaya, gwaggonka ta san sauran.

Hajja Gumsu ta juya wa mashigi baya. Ta naɗe lemarta ta koma gida. Kwana takwas tana amsa gaisuwar Zarami, ana sa masa abinci, ba ta ƙara kalma ba. Ya so a ce zaginsa ta yi.

Ran na tara bakanike ya iso daga Kano, wani gajere mai furfura. Ya shiga ƙasa ya daɗe, ya fito da faifan a hannu. Fatar ta ƙone ta murɗe, mai na ɗiga.

"Wa ya daidaita wannan a tsakiya?"

"Ni ne," in ji Zarami.

"Da me?"

"Da muciya."

Bakaniken ya jinjina kai. "Ya zauna daidai. Alamar ma an yi, ɗaurin ma ba laifi. Hannun yana da kyau. To, wa ya soya shi?"

Baba Kolo na rumfarsa, Buba ya sami abin dubawa a tayar baya.

"Ko ɗigon mai ɗaya ba ya shiri da kuloci," in ji bakaniken. "A bushe yake aiki. Mu ko taɓa shi ba ma yi sai mun wanke hannu, don kada maiƙon yatsa ya hau."

"Mun wanke," in ji Zarami. "Sau biyu."

Bakaniken ya dube shi, ya dubi Hajja, ya ce a ba shi ruwa ya sha.

Hajja Gumsu ta gyara mayafinta. "Ka ji, ɗan ƙanena, an ce hannunka yana da kyau. Na ji daɗi, don juya tarwaɗa yana son hannu. Kwalekwalen Kirikasamma na bakin gaɓa, an sa maka tabarma da gari."

"Gwaggo, kin ji fa abin da ya ce. Abu ɗaya kawai na kuskure."

"Na ji. Ni ma abu ɗaya na ce, jirgin Alhamis." Ta juya za ta shiga gida, sai ta tsaya a bakin zaure. "Can ma akwai ƙa'ida. Ka wanke hannu kafin ka taɓa kifina."

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai ga motarka ba, ba shi ya ce ka shiga ƙarƙashinta ba. Duk abin da ya same ka, ko ya sami gwaggonka, ko muciyarta, tsakaninku ne. Kada a zo nemansa. In an zo ma sai da kwalekwale, kuma ba ya iya barin wuta. In takardar nan ta zo maka da ɗan warin hayaƙi, daga wajen mai kawowa ne.

Alkawari uku aka yi maka, ka koma sama ka duba, ba a ce mota za ta hau tudu ba.

Abin da aka rasa a gwajin farko, don ka san abin tanada: kwandon banda goma sha huɗu a kogi, takwas a ruwan sama. Ƙirgin bijimi, zobe biyu. Man shanu, ƙwarya ɗaya. Muciya ɗaya. Hular Buba, da ba ta wanku ba. Farcen babban yatsa ɗaya. Sifana ɗaya, tana mashigi. Kujerar gaba, ɗaya.

Noti biyun suna nan.